Tiraka ta kekunan tasharmu a Jos: inda aka kwana

Asabar, 8 ga Nuwamba 2025

Toh bismillah. Zan riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya saboda 'yan uwa da ke ta tambaya, kuma in wani a Bauchi ko Kaduna na son yin irinsa ya samu inda zai ɗora. Abin da muke so shine mu haɗa wata 'yar na'ura da za'a ɓoye a jikin keke napep ta riƙa faɗin inda keken yake a cikin Jos, ba tare da ta rataya a kan sim kaɗai ba. Mu uku ne, ni mai gyaran waya, da abokina mai rewaya a wajen Farin Gada, sai ƙanina da ke karatun kwamfuta, shi ke riƙe da ɓangaren taswira.

Tun da aka hana acaɓa a cikin gari keke ya zama abincin gidaje da yawa, kuma yawancin yaran da ke ja ba nasu bane, bashi ne, duk sati ana kai balas har a gama biya. In aka sace keken yaro ya rasa abin nema kuma bashin na nan a wuyansa, wannan shine abin da ke ci min rai. Ɗan kawuna haka ta faru dashi bara, da tiraka a jiki ma irin ta kasuwa, amma ɓarayin sun san inda ake sa ta, ƙarƙashin kujerar direba kusa da batir, suka fizge, taswira ta tsaya cak a hanyar Zariya, har yau yana biyan kuɗin keken da baya gani.

Abu na farko da nake so kowa ya gane, don masu sayar da tirakan basa tsayawa suyi bayani: GPS baya aika komai, saurare kawai yake. Taurarin ɗan adam na Amurka suna can sama wajen kilomita 20,200, kowanne na watso lokacinsa da inda yake a kan zangon 1575.42 MHz, na'urar da ke jikin keke in ta ji huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take. Ita kaɗai ta sani, tauraron bai ma san da zamanta ba balle ya gaya maka. Dole sai an samu hanya ta biyu da zata ɗauko lambar ta kawo maka waya, a tirakan kasuwa kuma hanyar nan sim ce. To anan gizo ke saƙar. Data ta ƙare, shiru. An toshe layi don ba'a haɗa shi da NIN ba, ƙa'idar da aka sanar tun Disamba 2020, shiru. An shiga lungun da babu sabis, shiru. Kuma mun ga yadda aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara a Satumba 2021 saboda 'yan bindiga, duk tiraka mai sim a jihar ta daina magana a lokacin. Mu hanya ta biyun ce muke so ta zama tamu.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Kaya sun iso daga Legas, sauran tarkacen na haɗa a wajen 'yan waya na cikin gari. Bod ɗin ESP32, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, mai haɗe da rediyon LoRa wanda shine hanyarmu ta biyu, GPS na u-blox NEO-6M, da batir 18650 irin na cikin fawa bank.

Shi LoRa wani ƙaramin kamfani ne a Grenoble ta Faransa mai suna Cycleo ya ƙirƙiro shi, Semtech na Amurka ya saye kamfanin a 2012. Baya ɗaukar murya balle hoto, 'yan lambobi kaɗan yake ɗauka, amma ya kai su nesa da wutar da bata taka kara ta karya ba. Mu miliwat 25 muke watsawa a kan 868 MHz, alhali wayar hannu a zangon 900 takan kai wat 2. Kuma 'yan lambobin sun ishe mu, Jos tana wajen digiri 9.9 arewa da 8.9 gabas, digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, kaga in ka rubuta lambobi biyar bayan ɗigo ka riga ka sauko kusan mita ɗaya. Ƙanina ya matse komai, lambar keke da wuri da gudu da ƙarfin batir, ya shiga baiti 12.

Akwai saiti guda da komai ke rataye dashi, SF, daga 7 zuwa 12. Kamar yadda ake wa tsohuwa mai nauyin ji magana ne, in ka ja kalmomin a hankali zata ji ko daga nesa amma maganar zata ɗau lokaci. A SF7 saƙonmu baya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan a iska, a SF12 kuwa kusan sakan ɗaya da rabi ne, duk hawa ɗaya lokacin na kusan ninkawa, batir ma haka.

Eriya da hannu na yanka, wayar tagulla santimita 8.6, rubu'in tsawon igiyar 868 kenan. Don Allah duk mai gwadawa kar ya kunna rediyon ba eriya a jiki, yana iya ƙona shi.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Tashar karɓa ta farko, wato akwatin da ke sauraren saƙon kekunan ya tura intanet, ta hau, a saman wani bene a gefen Bauchi Road, mai gidan Allah ya saka masa da alheri ko sisi bai karɓa ba. Akwatin muka ɗaure can saman fayif kusa da eriyar muka sauko da wayar wuta da ta intanet, saboda siririyar kebul irin RG58 a wannan zangon mita 6 kawai sun isa su cinye kusan rabin sigina, gara akwatin ya sha rana da dai a yi asarar nan.

Muka ɗau na'urar a keken abokin rewaya muka zaga. Farin Gada ana ji sarai. Terminus ana ji, duk da in aka kutsa tsakanin manyan gine-ginen Ahmadu Bello Way wasu saƙonnin na faɗuwa. Rikkos ba laifi. Amma Tudun Wada gaskiya ta bamu wahala, ka hau tudu a ji ka, ka ɗan gangara bayan dutse ka ɓace, kwana ɗaya tal tsakani. Hanyar Bukuru kuwa tun kafin a yi nisa aka daina jin mu ko a SF12.

Wanda bai san Jos ba zai ɗauka tunda muna kan tudu, mita 1,200 da wani abu sama da teku, ai rediyo zai ji daɗi. Tsayin garin gaba ɗaya ba shine abin ba, abin da ke tsakaninka da eriya shine. Wannan zangon kusan a miƙe yake tafiya, yana ratsa bulo da ƙyar, dutse kuwa ko kusa. A fili kamar Kano tasha ɗaya mai tsayi zata rufe waje mai faɗi, mu nan duwatsu sun yanka garin gunduwa-gunduwa, kowane kwari sai an nemo masa rufin da ke leƙa shi. Sai dai duwatsun nan suna da ranarsu, in ka samu gida a saman ɗaya ka samu hasumiya kyauta.

Lahadi, 14 ga Disamba

Sanyi ya sauko sosai, da safe yatsu basa ma riƙe ƙarfen soda. Sati biyun nan duk a kan wutar keke suka tafi. Batirin bolt 12 ne a suna, amma in aka tada inji ko aka ja wuta yana tsalle, bod ɗin ya riƙa mutuwa yana tashi. Abokin rewaya yasa 'yar na'urar rage wuta zuwa bolt 5 da fiyus da kafasita babba, ya lafa. Sai girgiza, titunan cikin unguwa sun karya mana soda a ƙafar GPS, yanzu duk mahaɗa muna bin ta da gam. Mun kuma sa in aka cire batirin keke na'urar ta koma kan nata nan take ta aika saƙon gaggawa, don ɓarawo wayar batir yake fara taɓawa. Inda muke ɓoye ta ba zan rubuta anan ba, kuma ba waje ɗaya bane a kowane keke.

Asabar, 27 ga Disamba

Yau babu soda babu kwamfuta, zama mukayi da mutanen tasharmu ta keke, kuma a ganina yafi duk abin da mukayi zuwa yanzu nauyi. Baba ciyaman ya tara direbobi da masu kekuna a rumfar mai shayi bayan la'asar, na ɗora na'urar a kan benci kowa ya ɗauka ya jujjuya.

Wani Alhaji mai kekuna da dama shi ya fara, yace yaro, ni abu ɗaya nake so, in yaro bai kawo balas ba in kashe keken daga wayata, ana iyawa? Nace Alhaji ana iyawa, tirakan kasuwa ma da yawa suna zuwa da rile na yanke mai ko wuta, amma ni ka gafarce ni ba zan haɗa shi haka ba. Kana zaune a gida baka ganin titi, keken na iya kasancewa yana hawan tudu da mata da yara a baya, ko yana tsallaka titi tirela na tafe, ka danna waya inji ya mutu, wa zai ɗau alhakin? Abin da zan iya shine in an tabbatar sata ce, a hana shi sake tashi bayan ya tsaya. Yayi shiru yana kaɗa makulli, can yace to ai ba rai nake nema ba, kuɗina nake nema. Nace nasan haka Alhaji, shi yasa na faɗa tun yanzu.

Sai wani yaro cikin direbobin, bai fi ashirin da 'yan kai ba, yace Oga wato ko abinci na tsaya ci ko na biya gaida mahaifiyata sai an gani kenan? Wallahi tambayarsa gaskiya ce kuma bana so a share ta. Na'urar nan ba keke kawai take bi ba, mutum take bi, daga fitowarsa har inda yake kwana. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ma ta lissafa wurin da mutum yake cikin bayanansa na kansa. Ni dai ko babu doka bana son in haɗa abin da zai zama bulala a hannun mai kuɗi a kan yaron da dama shine a ƙasa.

An daɗe ana ja, har aka kira magariba aka dawo aka ɗora. Inda aka tsaya: ba'a sa wa keke sai direba ya sani ya sa hannu, shima yana da damar ganin taswirar kekensa a wayarsa. Mai keke yana ganin ko keken na cikin gari ko ya fita, amma bin sawu titi-titi sai in an kai rahoton sata ko direba ya ɓace ba'a samunsa, kuma sai da sanin ciyaman. Tsohon bayani ana goge sunan keke daga jikinsa bayan wata ɗaya. Ba kowa ya ji daɗi ba, mutum biyu cikin masu kekunan sun ce su gara ta kasuwa, ba komai. Keke biyar muka samu na gwaji, kuma direbobin ne da kansu suka ɗaga hannu, har da mai tambayar.

Asabar, 10 ga Janairu 2026

Tambayar da muke kai yanzu, in GPS ya makance fa? Don abu ne mai sauƙi, siginar da ta taho daga kilomita dubu ashirin ta riga ta gaji, a tura keke cikin gareji mai rufin kwano ko dakin siminti shikenan. Akwai kuma 'yan na'urorin toshe sigina da ɓarayin mota ke amfani dasu, haramun ne a doka kuma bamu saya ba ko don gwaji, takardar alminiyom muke naɗe eriyar GPS da ita, sakamakon ɗaya ne.

Hanya mafi tsufa a waya ita ce ta ƙarfen sabis. Kowane ƙarfe na faɗin lambarsa, 621 shine Najeriya, sai lambar kamfani, MTN 30, Airtel 20, Glo 50, sai lambar yanki da ta ƙarfen. In kasan inda ƙarfen yake a ƙasa, kasan keken na kewayensa, akwai ma rumbun OpenCelliD da jama'a ke tara wuraren. A 2G akwai wani awo da ƙarfen ke yi na nisan waya, amma takunsa ɗaya wajen mita 550 ne, kaga unguwa zai baka, ba ƙofar gida ba. Mun ƙara SIM800L, ɗan bod mai ɗaukar sim kamar waya, a biyu cikin kekunan don wannan, yana da haɗamar wuta, in zai yi magana yakan fizgi har amfiya 2.

Hanya mafi kyau a takarda ita ce ta bambancin lokaci, tashoshi uku ko fiye su ji saƙo ɗaya, a duba wa ya riga wa ji. Matsalar igiyar rediyo na cin mita 300 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na sakan, agogon tashoshin in ya kuskure da ƙiftawar da ba'a ma iya misaltawa keken ya tashi daga Terminus ya koma wata unguwa. Sai tashoshi masu agogo na musamman da ke saita kansu da GPS, kuma ko da su ƙungiyar LoRa Alliance mita 20 zuwa 200 take faɗa. Kuɗinsu yafi ƙarfin asusunmu, mun ajiye wannan tukuna.

Saura ta ƙarfin sigina, wato tasha ta ce na ji shi da ƙarfi kaza, a kimanta nisa. A fili tana ɗan aiki. A Jos keke na kusa amma bayan dutse sai a ji shi a raunane, wani na can nesa a kan tudu a ji shi raɗau, lissafin ya rikice.

Lahadi, 25 ga Janairu

Alhamdulillah tashoshi sun zama uku. Ta biyu a gefen Rikkos, ta uku kuma a kan tudu a Tudun Wada, gidan iyayen wani direba ne Kirista ɗan tasharmu, shi ya kai mu da kansa, mamansa ta fito ta tsaya tana riƙe mana tsani tana cewa ku dai yi a hankali 'ya'yana. Duk wanda yasan garin nan yasan ba kowane rufi kowa ke hawa ba, kuma aikin nan ba zai yiwu ba sai da rufi a kowane ɓangare, satar keke dai bata tambayar sunan mai shi. Na ji daɗin ranar nan ƙwarai.

Kuma ƙanina ya kawo dabarar da ta fi burge ni tun fara aikin. Yace Yaya me yasa zamu wahalar da kanmu muna lissafa yadda sigina ya kamata ta kasance, bayan kekunan da kansu suna auna mana kullum? Duk saƙon da keke ya aiko lokacin GPS na aiki yana zuwa da abu biyu, ainihin wurin, da ƙarfin da kowace tasha ta ji shi. Sai a yanka garin gida-gida a taswira, kowane gida mita 200, a riƙa tarawa, a nan tasha ta ɗaya na ji da ƙarfi, ta biyu kaɗan, ta uku bata ji sam. Ranar da GPS ya makance sai a duba wane gida ne yafi kama da abin da ake ji yanzu. Dutsen da ke ɓata lissafi a da yanzu shi ke bambanta wani lungu da wani, har rashin ji ma bayani ne. Ba mu muka ƙirƙiro ba, wayoyi na yin irin haka da Wi-Fi, amma ta dace da keke sosai don babu lungun da keke baya shiga, kuma kullum yana kan hanya.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Wuta ce ta cinye mana kwanakin nan. In aka ɗauke tasha ta mutu, in tasha ɗaya ta mutu dabarar ƙanina ta ruɗe don sai ta ɗauka keken ne ya shiga inda ba'a ji. Mun sa ƙaramin sola da batir a biyu, ta ukun sai an tara kuɗi, kuma yanzu kowace tasha na aiko da alamar tana raye, in tayi shiru a cire ta daga lissafi. Ƙurar hunturu na rufe fanel, mun roƙi yaran gidajen su riƙa gogewa.

Gwajin alminiyom: a manyan hanyoyin da kekunan ke bi kullum yana kama unguwar daidai, wani lokaci har titin. A wuraren da basu cika shiga ba yana jefa mu nesa. Na nace wa ƙanina in ba GPS bane kar taswira ta nuna ɗigo, ta nuna da'ira, babba ko ƙarama gwargwadon tabbacin da ake dashi. Ɗigo na sa mutum ya tafi ƙofar gidan wani da zafin rai, kuma a garin nan zargin sata a kan wanda bai ji ba bai gani ba abu ne da kan iya zama wani abu daban cikin minti kaɗan.

Wani abu kuma da ya ƙara min ƙwarin gwiwa, na'urar toshe sigina abin da ke saurare a kusa da ita take kurmantawa, GPS da sim duk sai sun saurara kafin suyi aiki. Rediyonmu in zai aika baya jiran jin kowa, faɗa kawai yake, mai sauraren kuma na can saman bene nesa da ɓarawon. Sai in na'urar tasa ta rufe 868 ɗin ma da ƙarfi.

Lahadi, 1 ga Maris

Azumi ya sa aiki ya koma safe. Yau mukayi gwajin da na daɗe ina jira, na matakin ƙarshe, daga da'ira zuwa ƙofa. Wannan ba sabon abu bane, LoJack a Amurka tun 1986 haka yake aiki, ana ɓoye ƙaramin rediyo a mota, in an sace a kunna shi a kan 173.075 MHz, motocin 'yan sanda masu eriya huɗu a rufi su bi inda siginar ke fitowa, babu tauraro a ciki sam. Mu namu eriyar Yagi ce da na haɗa da fayif ɗin roba da sandunan alminiyom, irin zubin tsohuwar eriyar talabijin, tana ji ta gaba fiye da gefe.

Mun fara gaida mai unguwa muka yi masa bayani, don mutum uku na yawo da ƙarfe suna nuna gidajen mutane ba abin da za'a kalla a yi shiru bane. Abokin rewaya ya shige da keke ɗaya wani gida a Gangare bai gaya mana ba, GPS a naɗe. Ƙanina ya tura wa na'urar umarni ta koma aikawa akai-akai, sai da muka ɗan jira don bata saurare sai bayan ta yi magana, sakan ɗaya da sakan biyu bayan saƙonta take buɗe kunne, haka aka tsara don tattalin batir.

Da'irar ta kai mu unguwar. Daga nan na riƙe eriyar a tsaye ina juyawa a hankali, ƙanina na karanta lambar ƙarfin sigina a waya, 110, 106, 101, duk da alamar ragi a gaba, in lambar na sauka muna matsowa kenan. A wani lungu ta nuna mana gabas da ƙarfi muka bi, ashe jikin wani shago ne mai kwano tun daga sama har ƙasa ke dawo da siginar, keken na bayanmu. Maganin shine kar ka yarda da awo daga waje ɗaya, ka matsa gaba ka sake, ka tsallaka titi ka sake, inda layukan suka haɗu nan ne. Da muka zo kusa sosai kuma ta ko'ina ƙarfi take ji, sai na cire Yagin na bar guntun waya, na manna na'urar sauraren a ƙirji ina juyawa, jikina na tare ta baya. A gaban wani get mai launin ƙasa lambar ta faɗo ƙasa da 60, yara sun cika bayanmu, muka yi sallama aka buɗe, ga keken an lulluɓe shi da tamfol, abokin rewaya na zaune a ciki yana dariya.

Ƙa'ida dai tun yanzu, ranar da abin ya zama na gaske babu mai shiga gidan kowa. A tsaya nesa, a kira 'yan sanda, mai keke ya zo da takardunsa da lambar inji da ta bodi.

Asabar, 28 ga Maris

Barkanmu da Sallah. An fara tambaya daga wasu tashoshin keke, sai muka zauna lissafin ko iskar zata ɗauka. A LoRa babu layi, kowa faɗa yake lokacin da ya ga dama, biyu in suka haɗu a zango ɗaya da SF ɗaya ɗaya na iya faɗuwa. Tashoshinmu na sauraren zango 8 a lokaci guda, keke biyar ba komai bane, amma ɗari biyu duk a SF12 zasu toshe juna. A Turai ƙa'idar wannan zangon kashi 1 cikin 100 ne, wato sakan 36 a awa, a SF12 saƙo 24 kenan kacal, mun ɗauki wannan a matsayin iyakarmu. Yanzu in keke na tafiya yana aikawa duk bayan minti biyu a SF mafi ƙanƙanta da ake jinsa, in yana tsaye duk rubu'in awa, in aka motsa shi da dare bayan direba ya rufe aiki sai ya tashi da kansa. Ƙarin tashoshi shine maganin, in tasha na kusa kowa yayi gajeriyar magana.

Ta ɓangaren kuɗi, tun ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa NCC ta amince dashi a Janairu 2025 tes ya koma naira 6, data ma ta hau, kuma tirakar kasuwa kowane keke da sim ɗinsa. Mu sim uku ne a tashoshi uku suke ɗauke da kowa. Muna shirya takarda zuwa NCC kafin mu wuce gwaji, su ke da iko da zangon rediyo, gara a shiga ta ƙofa.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Hadari ya fara haɗuwa, kuma tsawar Jos ba wasa bace ga ƙarfe a saman bene. Jiya muka kafa sandar tagulla a ƙasa a tashar Bauchi Road muka ɗaure fayif ɗin da waya mai kauri, da abin kare tsawa a bakin eriya, sauran biyun sati mai zuwa in Allah ya yarda. Akwatunan jikin keke mun sake rufe su da gam, ɗaya ruwa ya shiga tun a wajen wanki.

Abin da ya rage babba shine bakin gari. Keken sata ba ya daɗewa a Jos, kuma hanyoyin fita ba su da yawa, ta Zariya, ta Bauchi, ta Rukuba, sai ta Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a. Bas-bas na Landan kafin su koma GPS da 'yan na'urori a bakin titi ake sanin inda suke, bas ya wuce a rubuta. Haka muke so, ƙaramar tasha mai sola a kowace mafita, ko bata san komai ba ta ce keke kaza ya wuce ta nan ƙarfe kaza, a kira direba a ji ko shine. Ta Bukuru zamu fara don can ne har yanzu bama ji ko kaɗan. Baba ciyaman yace zai yi magana da shugabannin tashar keke ta can ranar Laraba, in akwai mai bene ko gida a kan tudu a wajen da zai bamu aron rufi ya sanar dashi, fayif ɗaya ne da akwati, wutarmu da solarmu zamu zo.